Darasi na Tara: Wa Ke Riƙe da Akwatin Zaɓe?

A ranar 26 ga Oktoba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar Kano. Da hukumar zaɓen jihar ta bayyana sakamako, sai ga jam'iyyar NNPP mai mulki a lokacin ta kwashe kujerun shugabanni 44 kaf, ta haɗa da na kansiloli 484, ko ɗaya ba ta bari ba. A Janairun 2021, lokacin da APC ke riƙe da gidan gwamnatin Kano, ita ma 44 ɗin ta kwashe, kamar yadda ta yi a Fabrairun 2018. Mako guda kafin zaɓen Kano na 2024, APC ta cinye ƙananan hukumomi 23 na Kaduna. A watan Agustan shekarar kuma PDP ta cinye 20 na Bauchi. Jam'iyyun sun bambanta, jihohin sun bambanta, amma a ko'ina mai gwamna shi ne da komai.

Duk wanda ya san Kano kuwa ya san ba gari ne da ake magana da baki ɗaya ba. A zaɓen gwamna na 2019, tazarar da ke tsakanin wanda aka ba nasara da wanda ya biyo shi ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. A na 2023, ɗan takarar da ya zo na biyu ya tashi da ƙuri'a kusan 900,000. To ina waɗannan mutanen suke shiga ranar zaɓen kansila? Gaskiya ne babbar jam'iyyar adawa takan ƙaurace wa zaɓen, kamar yadda APC ta yi a Kano a 2024. Sai dai ɗan siyasa ba ya barin kujerar da yake ganin zai iya ci. In kun ga ya ƙi shiga fili, to ya riga ya duba hannun da ke riƙe da akwatin ne.

Abin da za mu bi diddiginsa a wannan darasi ke nan: wa doka ta damƙa wa zaɓe, wa ake bari ya iso rumfa, kuma me ke samun ƙuri'a bayan ta faɗa akwati.

Ƙasa ɗaya, hukuma iri biyu

Yawancinmu in aka ce hukumar zaɓe, INEC ce ke faɗo mana a rai. Amma Tsarin Mulkin 1999 hukuma iri biyu ya kafa. Sashe na 153 ya kafa INEC, mai gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisun tarayya da na jihohi. Ita ce ke yi wa jam'iyyu rajista, kuma a hannunta kundin sunayen masu zaɓe yake. Sashe na 197 kuwa ya ba kowace jiha tata hukumar, irin su KANSIEC a Kano, wadda aikinta shi ne zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli. Ku riƙe wannan da kyau: gwamna ba shi ke naɗa hukumar da ke shirya zaɓensa ba, amma shi ke naɗa wadda ke shirya zaɓen ciyaman ɗinku. Abuja ce kaɗai ta fita daban. Da yake ba ta da gwamna, INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta 6.

A rubuce, hukumar jiha tana da kariya daidai gwargwado. Ta ƙunshi shugaba da mambobi 5 zuwa 7. Gwamna ne ke naɗa su, majalisar dokokin jiha ta tabbatar, kuma wa'adinsu shekara 5 ne. Ba a cire ɗayansu sai in ya kasa aiki ko ya aikata rashin ɗa'a, kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun goyi baya. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a wata shari'a da ta taso daga jihar Kwara, inda ta ce gwamna ba shi da ikon sallamar mambobin hukumar kafin wa'adinsu ya cika ba tare da bin wannan ƙa'ida ba.

A aikace kuwa labarin daban ne. Majalisar da ke tabbatar da naɗin, a mafi yawan jihohi, cike take da 'yan jam'iyyar gwamna. Ita ce kuma ke yin dokar da ta faɗi shekarun da ciyaman zai yi a kan kujera, shi ya sa za ku ji wata jiha shekara 2 ce, wata 3, wata 4. Uwa uba batun kuɗi. A gyaran Tsarin Mulki na 2010 an tanadi cewa kuɗin INEC su riƙa fita kai tsaye daga asusun gwamnatin tarayya, ba sai ta je ta durƙusa wa wani ba. Hukumomin jihohi ba su sami wannan gata ba. Takardar ƙuri'a, hayar mota, alawus ɗin malaman zaɓe, har man janaretan ofis, duk sai gwamna ya sa hannu. In bai saki kuɗi ba, babu zaɓe. In ya saki, shi ya zaɓi lokacin. Hatta ƙa'idojin aikin cikin gida na hukumar, Tsarin Mulki ya ce sai da amincewarsa.

Ku ɗauka ana kokawa a dandali, amma alƙalin wasan ubangidan ɗaya daga cikin 'yan kokawar ne ya kawo shi, shi ke ciyar da shi, shi kuma ya sa ranar wasan. Ko alƙalin nan waliyyi ne, 'yan kallo ba za su natsu da hukuncinsa ba. Ba a rasa mutanen kirki a hukumomin zaɓen jihohi ba, akwai farfesoshi da tsofaffin alƙalai da manyan ma'aikata masu ritaya. Tsarin ne ya ɗaure musu hannu tun kafin su shiga ofis.

Kuma ba haka abin yake tun fil azal ba. Hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta shirya zaɓen ƙananan hukumomi na 1987 da na 1990, wanda aka yi ƙato bayan ƙato. Ranar 5 ga Disamba, 1998, INEC a ƙarƙashin Mai Shari'a Ephraim Akpata ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a rana ɗaya a faɗin ƙasa, kuma da sakamakonsa aka tantance jam'iyyu ukun da suka shiga zaɓen 1999, wato PDP da APP da AD. A lokacin babu zaɓaɓɓen gwamna ko ɗaya a ƙasar, kuma a jihohi da dama jam'iyyu sun raba kujerun a tsakaninsu.

Ƙofar rumfa

Kafin a zo ga ƙirga ƙuri'a, sai an bar mutum ya kaɗa ta. Dattawan cikinmu sun san wannan haƙƙi ba daga sama ya faɗo ba. A zaɓen 1951 a Arewa, hawa-hawa ake yi. Maza masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi wasu a sama da su, har a kai matakin lardi, inda En'e take da damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓen ƙarshe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tacewa ko kujera ɗaya ba ta samu a majalisar Kaduna ba. Ba akwati aka sace ba, ba alƙalami aka murɗe ba. Dokar ce aka ɗinka daidai jikin masu mulki.

Mata kuwa ko wannan ba su samu ba. A zaɓen tarayya na 1959 da na 1964, matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a, matan Arewa suna gida, domin an bar wa gwamnatin yanki ra'ayinta a kan batun, ita kuma ta ce lokaci bai yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a fafutukar da neman wannan haƙƙi yake cikinta. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, da umarnin gwamnatin soja ta tarayya, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, sannan Tsarin Mulkin 1979 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa mai shekara 18, mace ko namiji, 'yancin zaɓe. Wata ƙila a wannan ajin akwai wadda kakarta ta haifi 'ya'yanta duka kafin ta taɓa ganin takardar ƙuri'a. Yau kuwa kowa ya san layin mata ne ke sa 'yan takara zufa.

A zamaninmu ba wanda zai fito fili ya ce maka ba ka da 'yanci. Hanin yana zuwa ne ta wasu hanyoyi: nisa, cunkoso, rashin kati, rashin tsaro. Daga 1996 har zuwa 2021, yawan rumfunan zaɓe a Najeriya bai motsa daga 119,974 ba, alhali garuruwa sun ninka, sababbin unguwanni sun tashi a inda dā gonaki ne. A 2014 INEC ta so ta ƙara kimanin 30,000, aka yi caa a kanta cewa kason Arewa ya yi yawa, ta janye. Sai a 2021 aka kai su 176,846. Duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93.4 da ke da rajista, miliyan 87.2 ne suka karɓi katinsu, waɗanda suka fito kuwa kimanin miliyan 25 ne. Wato a cikin kowane mutum huɗu masu rajista, kusan uku ba su je ba. Wasu sun yanke ƙauna ne, wasu ƙarancin takardun Naira na lokacin ya hana su tafiya garuruwan da suka yi rajista, wasu tsoro.

Na tsoron ya fi ciwo. A 2015 an buɗe wa 'yan gudun hijirar Borno da Yobe da Adamawa wuraren zaɓe na musamman, wanda abin a yaba ne. Amma mutumin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, sau da yawa ba sansani yake zuwa ba. Gidan ɗan'uwa yake raɓawa a cikin gari, katinsa kuma yana ɗaure da rumfar ƙauyen da ya zama kufai. Doka ta ba shi damar sauya rumfa a ofishin INEC na ƙaramar hukumar da ya koma, sai dai Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa a rufe rajista da sauyi aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Wanda ya jira har aka fara yaƙin neman zaɓe gadan-gadan, yawanci ya makara. In kuna da irin waɗannan baƙi a unguwarku, ku gaya musu tun da wuri.

Dokar 2022 ɗin ta yi wasu tanade-tanade da ya kamata ku sani. Makaho, ko wanda wata larura ta hana shi dangwalawa da kansa, yana da damar shiga da wanda shi ya zaɓa ya taimake shi, ba wanda wakilin jam'iyya ya turo masa ba. Inda al'ada ba ta yarda da cuɗanyar maza da mata ba, dole malamin zaɓe ya raba layi biyu. Ƙa'idojin INEC kuma sun ce a fara da tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman.

Akwai kuma wata ƙofar da ba a cika maganarta ba, ta shiga takara. INEC ba ta sayar wa ɗan takara fom, jam'iyyarsa ce ke sayar masa. Hukumomin jihohi da yawa kuwa suna yanka nasu kuɗin daban. A 2024 KANSIEC ta sanar da Naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, har maganar ta kai kotu. Malamin firamare mai ritaya da mutanen mazaɓarsa suka yarda da shi, ina zai samo miliyan 5? In an hana shi tsayawa, an hana duk masu sonsa zaɓinsu ke nan, ko da kuwa an bar su sun shiga layi.

Bayan ƙuri'a ta faɗa akwati

Hanyoyin maguɗi sanannu ne, ba sai mun daɗe a kansu ba: aringizon ƙuri'u, dangwale a ɗaki, 'yan banga su fasa akwati, ko a canza alƙaluma tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako. Abin ya yi ƙamari a 2007 har wanda ya ci, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabinsa na karɓar mulki cewa zaɓen yana da naƙasu. Ya kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Farfesa Attahiru Jega, ya zama shugaban INEC a 2010.

Daga nan gyare-gyare suka biyo baya. A 2011 aka yi sabuwar rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsa. A 2015 aka zo da katin dindindin da na'urar karanta shi, amma aka bar wata kafa: in na'ura ta kasa gane yatsa, sai a cike fom da hannu a bar mutum ya yi zaɓe, kuma ta wannan kafar ɓarna mai yawa ta bi. A 2021 aka fara amfani da BVAS, mai duba yatsa ko fuska, aka soke fom ɗin. Amfanin na'urar shi ne tana riƙe adadin waɗanda aka tantance, don haka in ƙuri'u suka fi wannan adadi yawa, za a soke sakamakon rumfar. Bayan an ƙirga a bainar jama'a, malamin zaɓe zai rubuta sakamako a takardar da ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kofi, a liƙa sakamakon a bango, sannan a ɗauki hoton takardar a ɗora a shafin intanet na IReV don kowa ya gani.

Wannan matakin na ƙarshe ne ya sami tangarɗa ranar 25 ga Fabrairu, 2023, lokacin da hotunan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa suka ƙi hawa a kan lokaci. INEC ta ce matsalar na'ura ce, 'yan adawa suka ce da walakin, Kotun Ƙoli kuma ta yanke cewa dokar lokacin ba ta wajabta aika sakamako ta intanet ba. Ban da haka, da cusa ƙuri'a ya yi wuya, sai 'yan siyasa suka koma sayen mai ƙuri'ar: taliya, atamfa, sabulu, 'yan kuɗi a bayan rumfa. Ba a gama da maguɗi ba, amma an sa ya yi tsada, kuma yana barin sawu. Shi ya sa kalmomin nan uku da suka yi tashe a Arewa, a kasa, a tsare, a raka, suke da ma'ana a zaɓen INEC, tunda akwai takardar da za a raka.

A zaɓen hukumar jiha fa? Hukumar jiha daga INEC take karɓar kundin masu zaɓe, amma a mafi yawan jihohi babu na'urar tantancewa. A zaɓen Kano na 2018 hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a sun karaɗe ƙasar nan. A wurare da dama kayan zaɓe ba sa isowa sai rana ta take, wani lokaci babu takardar rubuta sakamako a cikinsu, kuma washegari sai a ji sunayen waɗanda suka ci daga babban birnin jiha ba tare da alƙaluman kowace rumfa ba. Wanda ba shi da takarda a hannu, da me zai je kotu? Sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce a bi ƙa'ida ɗaya da ta zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, kuma zaɓen da ya saɓa mata ba shi da inganci. A Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen ƙananan hukumomin jihar Ribas saboda saɓa wa dokar zaɓe. Doka dai tana da haƙora, in an sami mai kai ƙara da ke da ƙarfin bin ta har can.

Daga kantoma zuwa zaɓaɓɓen kantoma

Shekara da shekaru gwamnoni da yawa ba sa ma wahalar da kansu da zaɓen. Sashe na 7 na Tsarin Mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma sai a rusa majalisun a naɗa kantomomi na wata shida, a yi ta sabunta musu wa'adi. Kuɗin ƙananan hukumomi kuma, kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, sai su faɗa asusun haɗin gwiwa da ke ƙarƙashin gwamnatin jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce naɗa kantoma ya saɓa wa Tsarin Mulki, a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma wadda ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba kada a ba ta ko kwabo.

Nan da nan jihohin da suka yi shekaru suna cewa babu kuɗin zaɓe suka samo kuɗin. Zaɓuɓɓukan 2024 da muka buɗe darasi da su, bayan hukuncin aka yi su. Hukuncin ya tilasta a yi zaɓe, amma bai taɓa hannun da ke shirya shi ba.

Kada wani ya ce ai kujerar kansila ba wata abu ba ce. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da hanyoyin cikin gari, ya kuma ba ta hannu a asibitocin sha-ka-tafi da makarantun firamare da ilimin manya, wato har da ajin da kuke zaune a ciki yanzu. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'arku ce ta kawo shi ba, gidan gwamnati zai riƙa kallo, ba rijiyar burtsatsen unguwarku ba. Gwamna kuma yana buƙatarsa, domin ciyamomi da kansiloli su ne ƙafafun jam'iyya a kowace mazaɓa ranar babban zaɓe.

To a miƙa wa INEC ne?

Mutane da yawa haka suke gani, kuma suna da hujja. Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a shigar da hukumomin jihohi cikin tsarin INEC. Ga kuma misalin Abuja: a zaɓen Fabrairun 2022, PDP ta ci ƙananan hukumomi 3, APC mai mulkin ƙasa ta ci 3. An yi ƙorafi kan na'urori da ƙarancin fitowar jama'a, amma ba wanda ya san sakamakon tun kafin a kaɗa ƙuri'a.

Masu adawa da wannan ra'ayi su ma ba da wasa suke ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban INEC da kwamishinoninta, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma shawarar Uwais ta cewa a karɓe wannan zaɓin daga hannun shugaban ƙasa ba ta sami shiga ba. Gwamnatin tarayya ce ta soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da sanarwa guda. A Afrilun 2023 kwamishinan INEC na Adamawa ya tashi ya bayyana wadda ta ci zaɓen gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba, sai da hedikwatar hukumar ta soke sanarwar. In jam'iyya ɗaya tana da shugaban ƙasa, da 'yan sanda, da hukumar da ke zaɓen kowa tun daga sanata har kansila, ina jihar adawa za ta sa kanta?

Amurka, wadda muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta a 1979, ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Ba ta da hukuma irin INEC. Jihohi da gundumomi ne ke shirya kowane zaɓe, har na shugaban ƙasa. Da wannan ikon jihohin kudancin ƙasar suka shafe shekaru da dama suna hana baƙaƙen fata zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, sai da gwamnatin tarayya ta shigo da Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, a zamanin Lyndon Johnson. Amma da wannan ikon ne kuma jami'in zaɓen jihar Jojiya, Brad Raffensperger, ya ƙi biye wa Shugaba Donald Trump, ɗan jam'iyyarsu ɗaya, lokacin da ya matsa masa a kan sakamakon zaɓen 2020. Indiya ta bi hanyar da ta fi kama da tamu, domin hukumomin jihohi ne ke zaɓen ƙauyuka da birane. Sai dai gyaran Tsarin Mulkinta na 1992 ya wajabta zaɓen duk shekara 5, ya kuma hana cire kwamishinan zaɓen jiha sai ta hanyar da ake cire alƙalin babbar kotu.

A nan gida ma an taɓa gwadawa. A Mayun 2018 jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar kaɗa ƙuri'a, karo na farko a Najeriya, ta kuma maimaita a 2021. An yi ƙorafe-ƙorafe, amma a duka biyun PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, kuma a 2021 jam'iyyar gwamnan ta faɗi a rumfarsa. Wannan ya nuna hukumar jiha tana iyawa. Ya kuma nuna raunin abin, domin da aka sauya gwamna, a 2024 Kaduna ta koma 23 bisa 23. Gyaran da ya dogara da ganin damar mutum ɗaya, tare da shi yake barin ofis.

Ni dai a ganina, gardamar INEC ko jiha ta ɗauke mana hankali daga abin da ya fi muhimmanci. Ko wace hukuma ce, a tambaya: wa ya zaɓo mutanenta, daga ina kuɗinta ke fitowa, wa ke sa ranar zaɓe, kuma ana liƙa sakamakon kowace rumfa a bango ko kuwa? In za a bar naɗi da kuɗi yadda suke, to gara INEC, domin ko ba komai tana barin takarda a hannun wakilin jam'iyya. Sai dai ku sani ba abu ne mai sauƙi ba. Karɓe zaɓen daga jihohi sai an gyara Tsarin Mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, waɗanda su ne dai majalisun da ke jin maganar gwamnoni. Wajabta liƙa sakamako a rumfa da wallafa shi rumfa-rumfa kuwa, da rage kuɗin fom, majalisar jiha ɗaya tana iya yinsu a zama ɗaya, kuma ɗan majalisar da zai kawo ƙudurin INEC ce ke shirya zaɓensa, wato ƙuri'arku tana iya kayar da shi.

Aikin aji

Ku rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin a miƙa wa INEC zaɓen ƙananan hukumomi, ɗayan ya kare a bar wa jihohi amma a gyara. Kowane ɓangare ya kawo hujja biyu daga darasin, da ɗaya daga abin da ya gani da idonsa a mazaɓarsa. Malami ya tabbatar mata sun sami lokacin magana daidai da na maza.

Kafin zama na gaba, kowa ya duba katinsa ya rubuto sunan mazaɓarsa da lambar rumfarsa. Ya kuma binciko sunan kansilan mazaɓar, da shekarar da aka zaɓe shi, da yawan ƙuri'un da aka ce ya samu a wannan rumfa. Wanda ya nemi adadin bai samu ba, ya rubuto wuraren da ya tambaya da amsar da aka ba shi a kowanne.